Gyaran Fijon Simon

Litinin, 9 ga Satumba, da hantsi

Na yaye tamfol daga kan motar. Wata kaza ta mai da kujerar baya wurin kwancinta, sai da na kore ta da tsintsiya.

Fijo ce 504 buɗaɗɗiya, mai ƙofa biyu, irin wadda ake naɗe rufinta a baya. Mijina Simon ya saye ta hannun wani likitan mishan da zai koma ƙasarsu, tun kafin mu haifi Emilia. Ta daɗe a rumfar bayan gida, an ɗora ta kan duwatsu. Tun da ya yi ritaya daga koyarwa yake taɓa ta kaɗan-kaɗan, kuma duk watan da fansho ya shigo sai mun yi cacar baki a kanta. Na sha ce masa ya kira masu sayen gwangwan su kwashe.

Ranar Alhamis ya tafi duba gona a hanyar Gidan Waya, bai dawo ba. An tsinci babur ɗinsa a bakin rafi, makulli a jiki. Jiya bayan sujada masu garkuwa da shi suka kira da lambarsa. Sun faɗi abin da suke so. Ba zan rubuta adadin a nan ba. Sun ba shi wayar, ya ce lafiyarsa lau, in gaishe da yara. Na yi fiye da shekara ashirin a teburin gyaran labarai na wata jarida a Kaduna, na san bambancin abin da mutum ya faɗa da abin da aka sa shi ya faɗa.

Citta ta mutu mana a gona bara, kamar ta kowa. Gidan nan na gado ne, ba ya sayuwa. Saura motar.

Litinin, da yamma

Linus ya zo. Makanike ne, abokin Simon tun suna firamare a unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa. Aikin reluwe ne ya kawo mahaifinsa daga gabas, shi kuwa a nan Kafanchan aka yanke masa cibiya. Ya zagaya motar hannu a baya, bai taɓa komai ba.

"Maman Emilia, wannan mota ba na gaggawa ba ne. Mijinki shekara nawa yana lallaɓa shi kamar jariri."

"Ba mu da shekaru yanzu, Oga Linus."

"Na sani."

Na gaya masa dabarar. Akwai wani Barista Gershon, ɗan Kwoi da ke zaune a Abuja, wanda ya taɓa taya motar da kuɗi mai kauri, Simon ya ƙi. Na kira shi da rana. Ya ce ya ji abin da ya same mu, Ubangiji ya kawo sauƙi. Har yanzu yana so, domin 'yarsa za ta yi aure ranar ashirin da takwas, yana son ango da amarya su fito daga majami'a a cikinta. Bai rage ko kwabo daga tayinsa na da ba. Sharaɗinsa dai ta tashi, ta yi tafiya da ƙafarta, ga fenti, ga rufi.

Linus ya ce inji ba matsala, Simon ya riga ya gama da shi. Batir, tayoyi, burki, fenti, rufi. Gobe zai sauke ta daga kan duwatsu ya duba ƙasa.

Talata, 10 ga Satumba, da rana

Ba su kira ba. Wayar tana da caji.

Laraba, 11 ga Satumba, da safe

Zumuntar Mata ta majami'armu sun kawo abin da suka tara, ɗaure a ɗankwali. Sun yi addu'a a falo, sun raira waƙa a hankali kamar a gidan makoki, har sai da na ce musu ba a yi rasuwa a gidan nan ba. Na ga ran shugabar ya sosu. Zan ba ta haƙuri daga baya.

Bayan fitarsu Malam Jibir ya zo, Bafulatanin da shanunsa ke cin karan gonarmu bayan girbi, mu kuma mu samu taki. Bai shigo ba, ya tsuguna a ƙofar gida. Ya sayar da bijimi ɗaya a kasuwa, ya kawo mini kuɗin. Na ce ban san ranar da zan iya biya ba. Ya ce, "Da Malam Simon muke magana, Maman Emilia. In ya dawo ma yi." Ya tashi ya tafi.

Ko an haɗa duka, ba su kai kusa ba. Kuma daga cikinsu ne zan cire kuɗin gyara. Duk abin da na zuba wa motar, daga bakin waɗancan mutanen na zare shi. In Barista ya saya, mun kai. In ya fasa, na ƙone abin da ke hannu.

Laraba, da yamma

Linus ya kira ni rumfa. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasan motar, ya ɗauki sukudireba ya danna kusa da bakin ƙofa. Ta shige kamar cikin gurasa. Ya matsa gaba ya sake dannawa. Haka.

"Me ya ci ta haka?"

"Takin zamani."

Sai na tuna. Shekarar da taki ya yi wuya, ana fasa ɗakunan ajiya ana sata, Simon ya ɓoye buhunanmu cikin motar ya rufe da tamfol, wai ba ɓarawon da zai nemi taki a cikin Fijo. Dabarar ta yi aiki, har ya yi ta ba mutane labari a majami'a. Damina biyu muna haka. Rufin yana yoyo, takin ya jiƙe ya tsiyaye cikin ƙarfe.

Linus ya yi mini bayani da hannu. Mota mai rufin ƙarfe, rufin yana riƙe ta daga sama. Wannan ba ta da komai a sama, duk ƙarfinta a ƙasa yake, a dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, kuma su ne takin ya cinye. Tun da aka sauke ta kan tayoyinta, ƙofar fasinja ba ta rufuwa sai an ɗaga ta.

"Simon ya sani?"

"Ya sani mana. Shi ya sa bai sayar wa Barista ba. Shi ya sa kuma ya hana ni fenti. Ya ce sai ƙasa ya gyaru tukuna."

Gyaran gaskiya: a yanke ruɓaɓɓen, a lanƙwasa sabon ƙarfe, a yi walda. Mako biyu zuwa uku, in wuta ta yi kirki, kuma zai cinye kuɗin fenti da na rufi gaba ɗaya. Ɗayar hanyar: a cike ramukan da ƙullin nan da masu fenti ke kira fila, a goge, a shafa baƙin fenti a ƙasa, a mai da shimfiɗa. Kwana biyu.

Na ce zan yi tunani.

Alhamis, 12 ga Satumba, da azahar

Sun kira. Wani ne dabam, muryarsa ta fi ta wancan sanyi, kuma ta fi ba ni tsoro. Na yi magana yadda ƙanin Simon ya koya mini: kada in yi kuka, kada in ce akwai mota. Ya rage kuɗin kaɗan. Ya ce baba ba ya cin abinci sosai. Ban ji muryarsa ba.

Maganin hawan jininsa yana kan tebur inda ya bar shi.

Juma'a, 13 ga Satumba, da safe

Emilia ta kira daga Sabon Tasha a Kaduna, tana so ta taho. Na ce da wannan cikin ba za ta hau hanya ba. Na yi kuskuren gaya mata zancen ƙasan motar.

"Mama, ki fente ta kawai."

"Mutane ne za su hau."

"Baba ma mutum ne."

 Ta ce, "Kin fara wannan shirun naki na jarida. Wannan ba labari ba ne da za ki jira sai kin ji ta bakin ɓangare biyu." Ta kashe. Daga baya ta turo saƙon ban haƙuri.

Juma'a, da yamma

Ruwa tun rana. Na zauna a rumfa ina kallon yadda yake ɗiga daga kwano daidai kan sitiyari. Na sa bokiti.

Asabar, 14 ga Satumba, da hantsi

Na gaya wa Linus: fenti da rufi.

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, alhali hannun ba datti.

"To. Amma burki ba zan taɓa yi masa wayo ba. Sabon faifai, sabon tiyo, duka huɗu. In kin ce a bar burki, ki nemi wani makanike."

"Ban ce ba."

"Ina dai faɗa ne."

Na cire rediyo daga lissafi, da sabunta kujeru, da fitilun da Simon ya daɗe yana so a kawo masa daga Legas. Kujerun za a wanke da sabulu. Tayoyi na hannu za mu saya. Linus ya ce ba zai karɓi kuɗin aikinsa ba. Na ce zai karɓa. Mun bar maganar a nan.

Lahadi, 15 ga Satumba, bayan sujada

Fasto ya ambaci sunan Simon a addu'a. Kowa ya juyo ya dube ni. Na dubi allon lambobin waƙa har aka ce amin.

Ba su kira ba.

Litinin, 16 ga Satumba, da rana

Rufin asali sai an yi oda, kuma kuɗinsa ya kusa na saniya. Linus ya kawo Ishmael, mai ɗinka wa keke napep rufi da yi wa majami'u rumfar taro. Ya zo da igiyar awo a wuya, ya ja tsohon rufin, ya yage a hannunsa.

"Mama, wannan ai ya girmi babana."

"Za ka iya?"

"Na rufe keke ya fi ɗari a garin nan. Wannan keke ne da ya yi karatu."

Na yi dariya. Na ji sautinta a kunnena kamar ta wata mace. Ishmael ya ji kunya, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da awo.

Ya kawo samfurin tamfol: shuɗi, kore, baƙi. Na zaɓi baƙi mai kauri. Ya so ya sa jan zare a gefe don ado, na hana.

Talata, 17 ga Satumba, da yamma

Ta tashi. Sau uku Linus ya murɗa, a na huɗu ta kama. Hayaƙi ya cika rumfa, kaji suka watse. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Wata ta ce, "Baban Emilia ne ya dawo?"

Na shiga ɗaki.

Laraba, 18 ga Satumba, da safe

Sun kira. Laraba mai zuwa, in ji shi, ba kuma za su sake kira ba bayan nan. Na ce a ba ni shi. An daɗe, ina jin iska da kukan wani tsuntsu. Sai ya ce, "Damaris." Shekara da shekaru bai kira ni da sunana ba, Maman Emilia yake cewa. Na ce ina ji. Ya ce ƙafafunsa ne kawai. Aka karɓe.

Alhamis, 19 ga Satumba, da rana

An tura ta garejin mai fenti. Na tsaya ina kallo ana cusa fila cikin ramukan da wuƙa mai faɗi, ana lallashe ta kamar yaɓen ɗaki. Mai fentin gwani ne. Da ta bushe ya goge, na shafa da tafin hannuna, ban gane inda ƙarfe ya ƙare ba.

Fara ce a da, fara za ta koma.

A wurin aiki an san ni da abu ɗaya: ba na barin jimlar da ban tabbatar ba ta wuce. Matasan 'yan rahoto suna ce mini Mama Ina Shaida. Wannan ba shi da alaƙa da komai. Na tuna ne kawai.

Juma'a, 20 ga Satumba

Ruwa. Fenti ba ya bushewa.

Asabar, 21 ga Satumba, da yamma

Mun fita gwaji ni da Linus, hanyar Kagoro, rufi a naɗe. Tana tafiya lafiya. Yara suna bin mu da gudu, 'yan acaba suna ɗaga hannu. Burki yana kamawa. Da muka hau tudun rage gudu na farko na ji wani abu ya motsa ƙarƙashin ƙafata, kamar gadon da ya kwance. A na biyu ƙofata ta buɗe da kanta. Linus ya miƙo hannu ya riƙe ni ta kafaɗa har ya tsaya.

Da muka dawo gida, Linus ya juyo gare ni.

"Kina da tsohon gadon ƙarfe?"

Akwai, wanda muka fara aure da shi, yana ɗakin ajiya. Ya yanke dogayen ƙarafansa biyu, ya kai wa Salihu mai walda, suka manna su ƙarƙashin motar daga ciki, inda ido ba ya kaiwa. Ƙofar ta koma rufuwa.

"Zai riƙe?"

"Mutum biyu, kan kwalta mai kyau, a hankali, zai riƙe. Amma walda ne a kan tsatsa, Maman Emilia. Kuma biki ne. Kin san bikin mutanenmu. Ango da amarya za su zauna a kan bayan kujera suna ɗaga hannu, ƙawaye su cika ciki, abokan ango su rataya a ƙofa. Sannan a bi hanyar ƙauye a kai amarya gida."

"Zai karye?"

"Ban ce zai karye ba. Ban ce ba zai karye ba."

Ya iya magana kamar ɗan jarida.

Lahadi, 22 ga Satumba, da rana

Ban je sujada ba. Na ce kaina ke ciwo. Gaskiya ne, yana ciwo.

Ishmael ya kawo rufin ya ɗaura. Ya zauna daram. Na watsa masa ruwa bokiti guda, bai ɗiga ba.

Litinin, 23 ga Satumba, da yamma

Barista ya iso da hantsi, da direbansa da amaryar. Yarinya ce siririya mai tabarau, ba ta kai Emilia ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce suna sa Baba a addu'a kullum da safe. Da ta ga motar ta rufe baki da hannu biyu. Ta cire takalma kafin ta shiga, don kada ta ɓata shimfiɗar.

Barista ya duba inji, ya saurari ƙararsa, ya buga tayoyi da ƙafa. Ya sa an naɗe rufin an warware. Ya shafa fentin. Bai durƙusa ba, farar shadda ce a jikinsa kuma ƙasa a jiƙe take. Linus yana can gefe yana gyara wani abu a akwatin kayan aikinsa da ba ya bukatar gyara.

Direban ya zagaya da su unguwa, suka dawo suna murmushi.

A falo Barista ya ƙi shan komai. Ya tura kuɗin ta waya, cif yadda ya ce. Sannan ya dube ni.

"Mama, akwai abin da ya kamata in sani game da ita?"

Ta taga ina hango yarinyar zaune a kan bayan kujera, tana gwada yadda za ta ɗaga hannu.

Na ce, "Burkin sabo ne, duka huɗu. Tayoyin na hannu ne. Rediyo ba ya aiki."

Ya ce wannan ba komai. Ya ce da kowa yana ciniki kamar ni, da lauyoyi sun rasa aiki.

Duk abin da na faɗa gaskiya ne.

Talata, 24 ga Satumba, da rana

Banki tun safe. Ba sa ba da tsabar kuɗi masu yawa a rana ɗaya, sai da muka bi masu POS na bakin kasuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana yankar nasa. Ƙanin Simon zai kai. Malam Jibir ya ce zai raka shi, ya san dajin, kuma ba a barin mutum ya tafi irin wannan wuri shi kaɗai. Na ce yana da iyali. Ya ce Malam Simon ma yana da su.

Na sa maganin a leda, na ba su.

Laraba, 25 ga Satumba, da safe

Sun tafi.

Laraba, da azahar

Wayar tana da caji.

Laraba, da yamma

Na share rumfar. Duwatsun da motar take kai na kwashe su gefe. Na sake sharewa.

Alhamis, 26 ga Satumba, da hantsi

Jibir ya kira. Suna bakin titi, su uku.

Alhamis, da yamma

A asibiti aka fara tsayawa. An duba jini, an wanke ƙafafun, an naɗe. Likita ya so Simon ya kwana, shi kuwa ya ƙi. Linus ne ya ɗauko shi daga mota zuwa ɗaki, a goye, yana ta zaginsa a hankali cewa tun suna yara haka yake ba mutane wahala. Simon ya yi wani abu mai kama da dariya.

Ba nauyi, in ji Linus da muka fito. 

Simon bai ba da labari ba, ban tambaya ba. Ya sha kunu rabin kofi. Yana barci da hannu ɗaya a kan fuska. Da can ba ya haka.

Juma'a, 27 ga Satumba, da rana

Ya ce in fitar da shi ya sha iska. Na sa masa kujera a bayan gida. Ya daɗe yana kallon rumfar.

"Barista?"

"Shi."

Ya gyaɗa kai. Na yi zaton ya gama. Kaza ta wuce da 'ya'yanta, ya bi su da ido.

"Linus ya yi ƙasan?"

"Ba lokaci."

"Amma kin gaya wa Barista."

 Ya san shiruna fiye da kowa.

Na gaya masa sauran: fila, ƙarafan gado, abin da Linus ya ce game da mutum biyu da kwalta. Na gaya masa kuma in Barista ya ce a mai da masa kuɗinsa, ba mu da ko sisi, ga bijimin Jibir a kanmu. Lauya ne. Na faɗi wannan sau biyu.

"Yaushe ne bikin?"

"Gobe."

Ya miƙo hannu. Na ba shi wayar. Ya danna nan ya danna can, ya kasa buɗe ta. Ya sake gwadawa. Na karɓe.

"Ba ni, Maman Emilia."

"Ni na sayar."

Na nemo lambar. Barista ya ɗauka nan take, da fara'a, a bayansa ana gwajin ganguna, mata suna ta kiran wani ya kawo kujeru. Ya tambayi jikin Malam. Na ce da sauƙi, ga shi nan kusa da ni. Na ce ya matsa inda babu hayaniya, akwai abin da ya tambaye ni ranar Litinin.